Kafin a ce an samu maganin sefsis, a tambayi wane irin ɓera aka warkar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka, mu da aikinmu ya shafi ɗakin awon jini, gadon majinyata da koyar da ɗalibai a nan Maraɗi. Ba a rufa ƴan watanni sai wani labari ya zagayo ta rediyo ko WhatsApp cewa masana a Amurka ko Turai sun gano maganin cutar nan da likitoci ke kira sefsis. In aka bi diddigin labarin, sau da yawa sai a tarar ɓeraye aka warkar, ɓerayen ma irin waɗanda aka sauya wa ƙwayoyin gado. Muna daraja wannan bincike ƙwarai. Damuwarmu ita ce tazarar da ke tsakanin wancan ɓera da yaron da aka ɗauko bisa babur daga ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji a kwana na uku na zazzaɓi, jiki ya saki, numfashi sama-sama.

Sefsis ba sunan wata ƙwayar cuta guda ba ne. Yanayi ne da garkuwar jiki, garin yaƙi da cuta, take wuce gona da iri ko ta rikice, har ƙoda, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa su fara gazawa. Ma'anar da likitoci suka amince da ita ke nan tun 2016. Ƙididdigar da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ta nuna cewa a shekarar 2017 mutum miliyan 48.9 suka kamu, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi tsanani. Duk da haka, an yi gwajin magunguna sama da 100 a kan mutane da nufin daidaita garkuwar jiki, babu ko ɗaya da ya zauna a hannun likitoci. Wanda ya fi nisa, Xigris, an ba shi izini a 2001, aka janye shi daga kasuwa a 2011 bayan babban gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa.

Yadda ake yin irin wannan ɓera a taƙaice shi ne: a zaɓi ƙwayar gado guda cikin dubu ashirin da ƴan kai da ɓera ke da su, a kashe ta ko a musanya ta da ta mutum, sannan a duba abin da ya sauya. Mario Capecchi, Martin Evans da Oliver Smithies sun samu kyautar Nobel a 2007 saboda wannan dabara. Da, aikin kan ci shekara ɗaya zuwa biyu. Tun 2013 da aka fara amfani da almakashin CRISPR a ƙwan ɓera, ƴan watanni sun isa. Akwai kuma tsarin Cre da loxP, wanda ke ba da damar kashe ƙwayar gado a cikin nau'in ƙwayoyin jiki guda kawai, misali fararen ƙwayoyin jini, ko a jira sai ɓera ya girma a ba shi maganin tamoksifen sannan ƙwayar gadon ta mutu.

Amfaninsa ba abin musu ba ne. Shekaru da yawa an san akwai wani dangin ɓera mai suna C3H/HeJ da gubar bangon bakteriya, wadda ake kira LPS, ba ta kashe shi. A 1998 Bruce Beutler da abokan aikinsa suka gano dalili: tangarɗa ce a ƙwayar gado guda, TLR4, wadda ita ce mai gadin ƙofar da ke sanar da jiki cewa bakteriya ta shigo. Wannan ya kai shi ga Nobel a 2011. Sai aka ce to, a toshe TLR4 a jikin mutum mana. Aka haɗa magani mai suna eritoran, aka gwada shi a kan majinyata kusan 2,000, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna babu bambanci: kimanin kashi 28 cikin 100 suka rasu cikin masu karɓar maganin, kashi 27 cikin waɗanda ba su karɓa ba. Alhali ɓeran da kansa ya riga ya yi gargaɗi, domin C3H/HeJ ɗin nan da guba ba ta kashewa, in aka sa masa bakteriyar Salmonela mai rai, ya fi sauran saurin mutuwa. Wanda mai gadinsa ya kurmance ba ya firgita, amma ɓarawo na shiga har ƙuryar ɗaki.

Irin haka ta faru da TNF, wani sinadarin kumburi. A shekarun 1980 an nuna toshe shi na ceton ɓeraye da birai daga guba ko bakteriyar da aka zuba musu kai tsaye a jijiya. Da aka gwada a ɓerayen da cutar ta taso musu daga cikin ciki, bai cece su ba, wani lokaci ma ya ƙara kashe su. A gwajin mutane da aka wallafa a 1996, waɗanda suka sami kaso mafi yawa na maganin su suka fi mutuwa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne jikinsa ya bambanta da namu: fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil kashi 50 zuwa 70 ne cikin 100 a jinin babban mutum, a ɓera kuwa 10 zuwa 25, ba shi da sinadarin IL-8 da ke kiran su fagen fama, kuma nanogiram 2 zuwa 4 na LPS a kowane kilo ya isa ya sa wa mutum zazzaɓi da makyarkyata, shi kuwa ɓera sai an kai wajen miligiram 10 ko fiye a kilo kafin ya mutu. Amma babban laifin yana ga yadda ake sa masa cutar. Allurar LPS ba sefsis ba ce, guba ce. Babu ƙwaya mai rai da ke hayayyafa, babu ƙurji, sinadaran kumburi kan hau cikin awa ɗaya zuwa biyu su sauka. Babu majinyacin da ke zuwa asibiti a haka.

Abin da ya fi kusa da majinyaci shi ne tiyatar da ake kira CLP, wadda aka tsara tun 1980. Bari mu faɗe ta dalla-dalla, don a ga inda kuskure ke shiga. Ana sa ɓera barci, a aske cikinsa a wanke, a tsaga kamar santimita 1 zuwa 2. Sai a fito da wata ƴar jaka da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba, cike take da kashi. A ɗaure ta da zaren siliki a ƙasa da mahaɗar, yadda hanyar abinci ba za ta toshe ba. A huda ta da allura, galibi mai lamba 21, ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, a ɗan matsa har ɗigon kashi kamar ƙwayar gero ya leƙo, a mayar da ita ciki a ɗinke. Daga nan a yi masa allurar ruwan gishiri mai ɗumi mililita 1 a ƙarƙashin fata, da maganin ciwo bufrenofin, a ajiye shi wuri mai ɗumi har ya farfaɗo. Cikin awa 6 zuwa 12 gashinsa zai tashi, ya takure a lungu, ido ya yi ƙwantsa, ya bar ci. Duk likitan tiyatar da ya taɓa buɗe cikin yaron da taifot ta huda wa hanji, abin da ba baƙo ba ne a asibitocin ƙasar nan, zai gane wannan hoto.

Tsawon abin da aka ɗaure shi ke yanke hukunci. A ƙa'idar da aka wallafa a 2009, in aka ɗaure rabin jakar kuma ba a ba da magani ba, kimanin 4 cikin 10 kan rayu. In aka ɗaure kashi uku cikin huɗu, kusan duka kan mutu cikin kwana 4. Ashe ke nan bambancin milimita biyu ko uku a hannun mai tiyata na iya haifar da abin da za a ɗauka aikin ƙwayar gado ne. Don haka dole mutum guda ya yi wa duka rukunan a rana guda, a cakuɗa su, kuma kada ya san wane ɓera ne aka sauya wa gado. Wani abu kuma da ake mantawa: in tsananin ya yi yawa duka za su mutu, in ya yi kaɗan duka za su rayu, a duka biyun ba za a ga amfanin komai ba. Sai an daidaita shi yadda mutuwa za ta tsaya wajen kashi 30 zuwa 50 cikin 100 a ɓerayen da ba a sauya wa gado ba.

Bayan tiyata sai jinya, kuma a nan ne yawancin tsofaffin binciken suka kauce. Ɓeran da aka huda wa hanji aka bar shi ba antibiyotik ba ruwa, ba ya wakiltar majinyacin asibiti. Kamata ya yi a jira wasu awanni, kamar 6, sannan a fara antibiyotik irin su imipenem, ko seftiriyakzon haɗe da metronidazol, a maimaita kowace awa 8 zuwa 12 na ƴan kwanaki, a kuma ci gaba da lura har bayan mako guda, don mutuwar da ke zuwa daga baya, lokacin da garkuwar jiki ta gaji, daban take da ta kwanakin farko. Sau da yawa tazarar da aka gani tsakanin ɓeran da aka sauya da ɗan'uwansa kan ragu ko ta ɓace da zarar an sa antibiyotik. Sannan ɓeran da aka haifa ba shi da wata ƙwayar gado tamkar wanda aka ba magani ne tun yana ciki, jikinsa ya sami lokacin neman wata hanya. Likita kuwa sai cuta ta yi nisa yake ganin majinyaci. Duk abin da aka gano ta hanyar kashe ƙwayar gado, sai an sake gwada shi da maganin da aka bayar bayan ciwo ya bayyana kafin a yi maganar mutane. Masana da suka taru a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2017 sun fitar da shawarwari 29 kan haka a shekarar da ta biyo, ciki har da cewa a daina kiran allurar LPS sefsis.

Akwai kuma tarkon da ke cikin gadon kansa. A 1995 aka samar da ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gadon kaspas-1, aka ga gubar LPS ba ta kashe su, aka yi shekara 16 ana rubutu a kan haka. Sai a 2011 ƙungiyar Vishva Dixit ta gano cewa ƙwayoyin jikin ɗan tayin da aka samar da ɓerayen da su daga dangin ɓera mai lamba 129 suke, wanda tun asali kaspas-11 ɗinsa a lalace take, kuma ƙwayoyin gadon biyu maƙwabtan juna ne ƙut da ƙut, ba sa rabuwa wajen haihuwa. Ashe biyu aka rasa ba ɗaya ba, kuma rashin kaspas-11 ne ke kare ɓeran. Ko an yi ta barbara da dangin da ake so har zuriya 10, aikin da kan ci shekara biyu, abin da ke maƙale da ƙwayar da aka kashe yana nan. Hatta baƙin ɓeran nan C57BL/6 da kowa ke amfani da shi ba iri ɗaya ba ne: reshen J ya rasa ƙwayar gadon Nnt, reshen N yana da ita. Wanda ya sayo abin kwatance, wato ɓeran da ba a sauya wa gado ba, daga wannan reshe, ɓeransa kuwa daga wancan, ya riga ya gurɓata aikinsa tun kafin ya ɗauki wuƙa.

Maganin wannan shi ne ƴan ciki ɗaya. A haɗa uwa da uba masu ɗauke da kwafi ɗaya mai kyau ɗaya matacce; cikin ƴaƴansu kashi ɗaya cikin huɗu za su rasa ƙwayar gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu su fito lafiya lau, su ne abin kwatance. Akwai tsada, domin mai neman maza 20 da suka rasa ƙwayar sai ya haifi ƴaƴa wajen 160, ya yanki ɗan kunnen kowanne ya yi awo. Amma a tiyatar CLP babu makawa, saboda kashin ɓeran shi ne cutar. Ɓeraye na cin kashin juna, don haka ƴan keji ɗaya bakteriyar hanjinsu kan zama iri ɗaya. Dangi biyu da aka raina a keji daban-daban shekara da shekaru, ba cuta ɗaya aka sa musu ba ko da allura ɗaya aka huda su.

Yanzu mu dawo gida. Ɓeran da aka fi amfani da shi namiji ne ɗan mako 8 zuwa 12, giram 25, ƙosasshe, bai taɓa ciwo ba, a ɗakin da ko ƙuda ba ya shiga. A 2016 aka nuna cewa garkuwar irin wannan ɓera ta fi kama da ta jariri sabuwar haihuwa, kuma in aka haɗa shi keji da ɓerayen kasuwa sai ta koma kamar ta babban mutum. A 2019 wasu suka dasa ƙwan ɓeran ɗakin bincike a mahaifar ɓerar daji. Ƴaƴan da aka haifa suka nuna toshe TNF ba ya ceto, daidai da abin da aka gani a mutane. Kama da wane ba ta wane. Majinyacinmu na watan Agusta zuwa Oktoba ɗan wata 18 ne, tamowa ta ci shi, zazzaɓin cizon sauro ya fasa masa jini, ga gudawa, wataƙila ga sikila, kuma an riga an ba shi maganin da aka saya a tebur.

Wannan ba ƙiyasi ba ne, a garin nan aka auna. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan yara 311 da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani a Maraɗi ya samu bakteriya a jinin kashi 17 cikin 100. Wani na 2011, shi ma a nan, ya tarar kashi 31 cikin 100 na irin waɗannan yara sun zo da bakteriyar hanji mai karya seftiriyakzon da danginsa tun ranar da aka kwantar da su, kuma kusan duk waɗanda suka zo ba su da ita aka sake aunawa, sun fita da ita. Ɓeran CLP kuwa, bakteriyar hanjinsa kusan kowane antibiyotik na kashe ta. Ko'ina aka duba, an sauƙaƙa masa jarrabawa.

Duk da haka akwai inda ɓera ya fi kama da yaronmu fiye da yadda ya yi kama da tsohon Bature a ɗakin kulawa ta musamman. Ɓera mai sefsis ba ya zazzaɓi, sanyi jikinsa ke yi, sukarin jininsa ya faɗi. Haka yaro mai tamowa yake: goshi ba zafi, tafin ƙafa sanyi ƙalau, sukarin jini ƙasa da milimol 3 a lita, uwa na ganin sauƙi ne ya samu alhali lokacin ne ya fi shiga haɗari. Kuma kayan aikin da za a yi nazarin yaranmu da su suna nan. Akwai ɓerayen sikila iri biyu, na Berkeley da na Townes, masu ɗauke da jinin sikila na mutum, waɗanda saifarsu ke lalacewa kuma ƙwayar ciwon huhu ke saurin kashe su. Ana iya sa wa ɓeran da aka yaye tamowa ta hanyar rage furotin ɗin abincinsa daga kusan kashi 20 cikin 100 zuwa 7 ko ƙasa. Don jarirai, ana yi wa ɗan kwana 5 zuwa 7 allurar kashin da aka dama aka auna, tunda ba zai jure tiyata ba. Taifot ba ta kama ɓera na yau da kullum, sai wanda aka kashe wa garkuwa aka dasa masa ƙwayoyin jinin cibiyar jariri. Mai aiki da Salmonela kuma ya sani dangin C57BL/6 da na BALB/c duka suna da tangarɗa a ƙwayar gadon Nramp1, abin da ke sa cutar ta kashe su cikin kusan mako guda.

Misalin da muke so a yi koyi da shi daga Afirka ta Yamma ya taso. Likitoci sun daɗe da lura cewa yaran da suka yi zazzaɓin cizon sauro sun fi kamuwa da Salmonela a jini. A 2012 Aubrey Cunnington da abokan aikinsa suka nuna a ɓeraye cewa fashewar jajayen ƙwayoyin jini na tayar da wani sinadari, HO-1, wanda ke sa ɓargo ya fitar da nutrofil marasa ƙarfin kisa, har bakteriya ta ɓuya a cikinsu. Suka koma ga yaran Gambiya suka tarar raunin na iya kai mako 8 bayan zazzaɓin. Tambaya daga gadon asibiti ta fito, ta bi ta kan ɓera, ta dawo gadon.

Batun ƙarin ruwa ma yana jiran irin wannan aiki. Mililita 1 ga ɓera mai giram 25 daidai yake da mililita 40 a kowane kilo. A gwajin FEAST da aka yi a Yuganda, Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000, wanda ya fito a 2011, waɗanda aka ɗura wa mililita 20 zuwa 40 a kilo da sauri sun fi mutuwa: kimanin kashi 10.5 cikin 100 a awa 48, a kan 7.3 na waɗanda ba a ɗura wa ba. Ba a ma sa masu tamowa mai tsanani ko gudawa a gwajin ba. Binciken ɓeran da bai sake duba yawan ruwa da saurinsa ba, ba da asibitocinmu yake magana ba, inda na'urar taimakon numfashi ta yi ƙaranci.

Dabba tana da hakki, kuma addini ya gargaɗe mu da labarin matar da ta ɗaure kyanwa har ta mutu. Maganin ciwo wajibi ne. A duba ɓerayen aƙalla sau biyu ko uku a yini, wanda zafin jikinsa ya faɗi ƙwarai ya kasa miƙewa in an kwantar da shi, a hutar da shi ba tare da jiran ya mutu da kansa ba. Binciken da aka tsara shi da sakaci ɓarnar rai ne kawai.

Malam Edita, roƙonmu ga ƴan jarida shi ne, duk sa'ad da irin wannan labari ya zo, a faɗi tun a kanun labari cewa a ɓera ne, a kuma nemi sanin ko ƙwaya mai rai aka sa masa, ko an ba shi antibiyotik da ruwa, da ko kafin ciwo ko bayansa aka ba da maganin. Ga malamanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, cibiyar CERMES ta Yamai da cibiyar Epicentre ta nan Maraɗi kuwa, ba gina ɗakin kiwon ɓera muke kira a fara yi ba. Ɗaki ne da ke son sanyin digiri 20 zuwa 24 dare da rana, ga kuma halin da wutar lantarki take ciki. Abin da ke hannunmu wanda manyan ɗakunan binciken duniya ba su da shi, shi ne ƙwayoyin cutar kansu da labarin majinyatan. A ɗebi jini mililita 1 zuwa 3 a kwalbar shuka bakteriya kafin allurar antibiyotik ta farko. A rubuta awar da ciwo ya fara da awar da aka fara magani, awon dantse, sakamakon awon zazzaɓin sauro da na sikila, sukari, da yawan ruwan da aka ƙara. Bakteriyar da ta tsiro a adana ta cikin gilisarol kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, kwafi biyu a firiza biyu, kowace da lambarta. Duk ɗakin binciken waje da ya nemi waɗannan ƙwayoyi, a rubuta a yarjejeniya cewa za a gwada su a ɓeran yaye mai tamowa ko mai sikila, a yi masa jinya da magungunan da ake samu a kantin asibitocinmu, kuma ɗalibanmu su je su yi aikin da hannunsu.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da malaman kimiyya,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.